Alamar sf Ba Umarnin Duka Ba Ce

Akwai wata magana da kusan duk wanda ya koyi fiyano daga takarda ya taɓa ji a bakin wanda ya fara ɗora masa yatsu a kan maɓallai. Da an iso inda aka rubuta sf ko sfz a ƙarƙashin wani sauti, sai malam ya ce: "Nan fa ƙarfi ake so, ka buga iya ƙarfinka." Ɗalibi ya riƙe wannan, ya girma da shi, in Allah ya sa ya zama malami shi ma ya koya wa na bayansa. A haka maganar ta zauna da gindinta, har ta zama ƙa'idar da ba a tambayar dalilinta: wai alamomin jaddada sauti, wato sf da sfz da fz, da 'yar kibiyar nan >, da mai tsini sama ^, duk abu ɗaya suke nufi, a buga da ƙarfi, kuma sf ce ƙololuwarsu, daidai take da ff ko ma ta ɗara ta.

Masu wannan ra'ayi ba daga sama suka tsinto shi ba. Da yawansu mutane ne da suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen koyar da abin da ba kowa ke da haƙurin koyarwa ba, kuma suna da dalilansu. Harafin f da ke cikin alamar shi ne dai wanda ido ya saba gani a wurin da ake son ƙara. Sabon ɗalibi kuma a ɗarare yake taɓa maɓalli, in ba a ce masa ya buga ba, ba za a ji bambancin komai ba. Ga kuma sunan Beethoven, wanda ya shahara da cika takarda da wannan alama, aka kuma san shi da zafin hannu. Duk da haka ina ganin fahimtar ta karkace, kuma karkacewar tana ɓata kiɗan da ake ƙoƙarin gyarawa. Hujjata ta farko ma tana cikin takardun shi Beethoven ɗin.

Kafin a kai can, a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai alamomin da ke faɗin matakin ƙara: pp, p, mp, mf, f, ff, daga can ƙasa-ƙasa har zuwa ƙara sosai. In an rubuta ɗaya daga cikinsu, hukuncinta yana ci gaba da aiki har sai wata ta zo ta soke ta, ko da bayan gaɓa ashirin ne. Gaɓa kuwa ita ce abin da ke tsakanin layukan tsayen nan da ke yanka kiɗa gunduwa-gunduwa. Akwai kuma alamomin da sauti ɗaya tak suke shafa, ko dunƙulen sautukan da aka danna tare, kuma a cikinsu ne sf da 'yan'uwanta suke. Su ba sa soke matakin da ake ciki. Suna taɓa sauti ɗaya su wuce, kiɗa ya ci gaba a inda yake. To idan mataki bai canza ba, da me za a auna ƙarfin sautin da aka jaddada? Ba wani ma'auni sai maƙwabtansa. Nauyin sf a cikin p dabam, nauyinta a cikin ff dabam, ko da yake harufan ba su canza ba.

A 1796 aka buga sonatoci uku na fiyano da Beethoven ya sadaukar wa malaminsa Joseph Haydn. Beethoven yana ɗan shekara 25 lokacin, bai daɗe da baro Bonn ya zauna a Biyana, babban birnin Ostiriya, ba. A buɗe ta farkon, a dubi gaɓoɓinta takwas na fari. An fara da p. Hannun dama yana hawa da gajerun sautuka, ɗaya bayan ɗaya, ya kai sama, ya yi ɗan juyi, ya tsaya. Ya sake hawa, wannan karon ya kai mataki ɗaya sama da na ɗazu. A gaɓa ta 5 sai Beethoven ya yar da hawan gaba ɗaya, ya bar sautin saman kawai da juyinsa, ya ɗora masa sf. A ta 6 ya ƙara mataki, ya sake ɗora sf. Sai a ta 7 ya rubuta ff a kan babban dunƙule, daga nan kiɗan ya gangaro ya koma p, ya tsaya cik a ta 8.

Wanda ya zuba duk ƙarfinsa a gaɓa ta 5, me ya rage zai ba ta 7? Mutumin da ya rubuta sf sau biyu sannan ya biyo da ff, a layi ɗaya, ya nuna da hannunsa cewa ba abu ɗaya yake nufi da su ba. Sf ta farko turi ce, ta biyu turi ce da ta ɗan fi ta, kuma dukansu suna nuni zuwa ga abin da ke tafe. Ƙananan dunƙulen hannun hagu da ke ƙarƙashinsu ba a ce a ɗaga su ba. In aka bi maganar "buga iya ƙarfinka", sai a samu duka uku masu kai ɗaya a jere, kuma mai sauraro ba zai san cewa akwai inda ake hawa za a je ba.

Misali na biyu ya fi wannan shahara, kuma ya fi shan wahala a hannun makaɗa. Sonatar da ake yi wa laƙabi da ta hasken wata, wadda Beethoven ya tsara a 1801, kowa ya san kashinta na farko mai sanyi. Kashi na uku kuwa gudu ne na tashin hankali. Abin da ke takarda shi ne p a farko, yatsu suna tsere daga ƙasan fiyano zuwa sama, gaɓa biyu cur, kuma ba a rubuta cewa a riƙa ƙara sauti a kan hanya ba. A ƙarshen gaɓa ta 2, a kan bugu na huɗu, sai ga dunƙule biyu a jere. Na farkon ne kaɗai ke ɗauke da sf. Haka aka maimaita a gaɓa ta 4 da ta 6. Abin da aka fi ji a hannun ɗalibai, har da wasu manya, shi ne ƙara tana hauhawa tun daga tsakiyar tseren, sannan a rufe da duka biyu masu girgiza ɗaki. Kunne ya riga ya san abin da ke zuwa, saboda haka ba abin da ya firgita shi. Firgitar da Beethoven ya shirya tana cikin riƙe yatsu a ƙasa-ƙasa har zuwa daƙiƙar ƙarshe, duk da cewa jiki yana son ya saki, sannan dunƙule ɗaya ya fito fes, sannan a koma p nan take kamar ba a yi komai ba. Komawar nan ita ce aiki mai wuya, kuma ita ce ake fara yarwa idan aka ɗauki sf a matsayin umarnin duka.

Ba na cewa a lallaɓa wannan dunƙule. Yana da kaifi, ya kamata ya ji a jiki. Amma kaifin nasa daga shirun da ke kewaye da shi yake samuwa.

A ɗauki dattijo a zaure da dare, yana yi wa ɗansa faɗa ƙasa-ƙasa don kada baƙin da ke kwana a shago su ji. Ya ce: "Kada ka sake zuwa wurin nan." Duk maganar raɗa ce, amma "kada" ɗin ta fita dabam. Ya ɗan yi shiru kafin ya faɗe ta, ya ɗora mata nauyi, ya ɗan ja ta, sannan sauran kalmomin suka biyo a hankali. Yaron ya ji ta har cikin ƙashinsa, ba kuwa wanda ya farka. Da dattijon ya daka tsawa a kan kalmar, da gida ya tashi, maganar kuma ta zama wani abu dabam. Malaman kiɗa na zamanin Haydn da Mozart da irin wannan idon suke kallon lamarin. Daniel Gottlob Türk, a littafinsa na koyar da kiɗan maɓalli na 1789, ya kwatanta kiɗa da magana, ya kuma bayyana cewa ana fito da sauti mai muhimmanci ta hanyar ƙara masa ƙarfi, ana kuma fito da shi ta hanyar ɗan daɗewa a kansa. Kafin shi, Carl Philipp Emanuel Bach, ɗan babban Bach, ya koyar a littafinsa na 1753 cewa sautukan da ke karo da juna sun fi cancantar ƙarfi a kan waɗanda suka jitu, domin su ne ke tayar da hankalin mai sauraro, jituwar da ke biyo baya kuma ta kwantar da shi.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne babban aikin alamar, wanda ra'ayin da nake yi wa raddi ba ya ko kallonsa. A kiɗan Turai na wancan zamani, kowace gaɓa tana da nauyinta na al'ada ba tare da an rubuta komai ba. In bugu huɗu ne, na farko ya fi nauyi, na uku ya biyo shi, na biyu da na huɗu marasa nauyi ne. Makaɗi ya san wannan tun yana yaro. Saboda haka mai tsara kiɗa ba ya bukatar alama don ya ce a jaddada inda kowa zai jaddada. Inda ya fi bukatarta shi ne inda yake son nauyi ya faɗa a wurin da ba a zata ba. Shi ya sa sf ɗin sonatar hasken wata ta sauka a kan bugu na huɗu. Shi ya sa kuma a kashin farko na simfoninsa ta uku, wadda aka fara kaɗa wa jama'a a Biyana a 1805, Beethoven ya jera sf bayan kowane bugu biyu alhali gaɓar mai bugu uku ce, har mai sauraro ya rasa inda ƙafarsa za ta taka. Chopin ma a mazurkokinsa, kiɗan rawar ƙasarsu Folan, yakan sa alamar jaddadawa a bugu na biyu ko na uku, domin a can rawar take jingina. A duk waɗannan wurare tambayar da alamar ke amsawa ita ce "ina?" kafin a zo ga "nawa?" Ana iya karkatar da nauyin gaɓa da ɗan ƙari kaɗan, muddin kunne ya ji cewa wannan sautin ya fi na gefensa.

Sai kuma abin da ke faruwa a cikin akwatin. Duk wanda ya taɓa ɗaga murfin fiyano ya leƙa zai ga cewa yatsa ba ya taɓa tsirkiya. Maɓalli yana nutsewa kimanin santimita ɗaya, ya tura wata 'yar guduma mai kan matsattsen ulu, ita kuma ta yi tafiyar da ta kai ninki biyar na tasa ko kusa da haka. Dab da ta isa tsirkiya sai abin da ke tura ta ya zame, ta ƙarasa ita kaɗai a sake, ta taɓa tsirkiyar na wani ɗan lokaci da bai wuce 'yan kaso cikin dubu na daƙiƙa ba, ta dawo. Daga lokacin da ta kuɓuce, makaɗi ba shi da sauran iko a kanta. Abin da ya ba ta shi ne sauri, kuma saurin ne ke yanke hukuncin ƙara. Otto Ortmann ya auna wannan a makarantar kiɗa ta Peabody da ke Baltimore a Amurka, ya wallafa sakamakonsa a 1925. Guduma mai sauri tana ba da sauti mai ƙara, tana kuma ba da sauti mai haske da kaifi, domin ulun yana taurara a lokacin karon. Ke nan ɗan ƙarin sauri daga kan yatsa ya isa ya canza launin sauti ɗaya a tsakiyar p. Wanda kuma ya ɗago hannu daga sama ya faɗo da kafaɗa, wani kaso na ƙarfin nasa a katakon da ke ƙarƙashin maɓalli yake ƙarewa, a ji "ƙwas" tare da sautin.

Tunda sauri kaɗai guduma ta sani, sauran dabarun jaddadawa a wajen lokaci suke. Makaɗi yakan jinkirta sautin da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ko ya gajarta wanda ya gabace shi don a samu 'yar kafa ta shiru, ko ya riƙe shi ya ɗan wuce ƙa'ida, ko ya fito da sautin sama na dunƙule ya sassauta na ciki, ko ya taka feda a kansa kaɗai don sauran tsirkiyoyi su amsa. Masanin kiɗa Hugo Riemann ya yi bayanin jaddadawa ta hanyar lokaci a littafinsa na 1884. Masu kaɗa ogan a coci sun fi kowa sanin wannan, domin ogan bai damu da yadda aka danna shi ba, sautinsa ɗaya ne, amma gwani yana sa a ji nauyin kowace gaɓa da tazarar da yake bari tsakanin sautuka. Ɗalibin da aka ce masa sf duka ce kawai, an rufe masa duk waɗannan ƙofofi tun kafin ya san da su.

Akwai kuma batun kayan aikin kansa, wanda a ganina shi kaɗai ya isa ya sa a yi hattara. Bartolomeo Cristofori ya ƙera fiyano na farko a Florence ta Italiya wajen 1700, kuma abin da ya bambanta shi da kayan maɓallin da aka saba da su shi ne yana iya yin ƙasa-ƙasa, yana iya yin ƙara, da duk abin da ke tsakani. Fiyanon da Mozart da matashi Beethoven suka sani a Biyana, irin na maƙeri Anton Walter, jikinsa katako ne, maɓallansa 61, gudumominsa ƙanana ne masu rufin fata, tsirkiyoyinsa sirara. Sautinsa yana fita da kaifi, ya mutu da wuri. Na yau kuwa maɓalli 88 gare shi. A 1825 Alpheus Babcock ya yi rajistar firam na zubin ƙarfe a Boston, a 1826 Jean-Henri Pape ya kawo rufin ulu a Faris, a 1859 kamfanin Steinway ya yi rajistar tsarin gicciya tsirkiyoyin babban fiyano. Babban fiyanon dandali na yau ya kusa rabin tan a nauyi, jan da tsirkiyoyinsa ke yi wa firam kuma ya kai wajen tan 20. Sf a kan na Walter tsini ne da ke walƙawa ya ɓace. Irin wannan motsin hannu a kan na yau yana haifar da ƙara mai kauri da ke daɗewa tana rufe duk abin da ya biyo baya.

Ba inda wannan ya fi fitowa fili kamar dunƙulen farko na sonatar Beethoven da ake kira Pathétique, wadda aka buga a 1799. A kansa an rubuta fp, wato a fara da ƙara a koma ƙasa-ƙasa nan take. Mai goge ko mai busa zai iya yin haka a sauti ɗaya, domin sautin yana hannunsa har ya ƙare. Mai fiyano kuwa gudumarsa ta riga ta tafi. A kan kayan zamanin Beethoven abin yana faruwa kusan da kansa, saboda saurin mutuwar sautin. A kan na yau sai an yi dabara: wasu su saki maɓallan kaɗan su sake kama su, wasu su ɗan ɗaga feda su mayar don madannan ulu su shafi tsirkiyoyi su rage musu ƙarfi, wasu kuma su jira kawai har ƙarar ta lafa kafin su ci gaba. Duk wanda ya fi dukan dunƙulen, shi ya fi daɗewa yana jira. Kuma a wannan shafin na farko akwai fp, akwai sf, akwai ff, kowace a wurinta. Mozart ma, a kashin tsakiya na sonatar da ya tsara a Faris a 1778, inda ya ce a kaɗa kamar ana rera waƙa, ya sa fp a wurare da dama. Ba mai hankalin da zai ce duka yake nema a tsakiyar rerawa. Jingina ce, irin ta muryar da ta cika da abin da ke zuciya.

Idan kuma mutanen nan suna son ƙara ta gaske, ta ba-zata, sun san yadda ake rubuta ta. A simfoninsa ta 94, wadda aka fara kaɗawa a Landan a 1792, Haydn ya kwantar da masu sauraro da ɗan kiɗa mai sauƙi, ya sassauta shi zuwa pp, sannan duk makaɗan suka faɗo da dunƙule ɗaya. Abin da ya rubuta a wurin ff ne. Beethoven ma a sonatar Appassionata ya fara da pp, ba a yi nisa ba ya fasa shirun da ff.

Labarin zafin hannunsa gaskiya ne, ban musa ba. Abokinsa Anton Reicha ya ba da labarin ranar da yake juya masa shafi, ya ƙare da cire tsirkiyoyin da suka tsinke. Amma tsirkiyoyin wancan fiyano ne, na katako, wanda mutumin ke neman abin da ya fi ƙarfinsa daga gare shi. Ba hujja ba ce ta cewa kowace sf da ya rubuta, har da waɗanda ke cikin kasusuwan sonatocinsa masu sanyi, tsinka tsirkiya take nema.

Wani ɓangaren ra'ayin kuma shi ne cewa alamomin suna da ma'ana ɗaya a hannun kowa. Ba su da ita. Haydn da Schubert da Chopin sun fi rubuta fz, Beethoven ya fi rubuta sf, kuma wani lokaci yakan maimaita f gaɓa bayan gaɓa alhali an riga an shiga f, yana nufin a jaddada kowace. Schubert kuwa ya bar wa masu tace rubutunsa aikin da har yau bai ƙare ba. Alamar > tasa takan yi tsawo, alamar rage sauti a hankali kuma siffarsu ɗaya, tsawo ne kawai ya raba su. Tsofaffin bugu sun karanta da yawa daga cikinsu a matsayin ragewa, sabon bugun ayyukansa ya mayar da da yawa zuwa jaddadawa. Dunƙulen ƙarshe na babbar simfoninsa, wadda Mendelssohn ya fara kaɗawa a Leipzig a 1839, fiye da shekara 10 bayan rasuwar Schubert, yana ɗauke da irin wannan alama, shi ya sa wasu shugabannin makaɗa ke rufe ta da ƙarfi, wasu kuma su bar ta ta lafa. A wajen Chopin, bugun ƙasa na Folan da Jan Ekier ya jagoranta ya bambanta gajeriyar > da doguwa, ya ɗauki doguwar a matsayin jingina mai daɗewa, ta rerawa. Wanda ya ce duk wannan "buga da ƙarfi" ne, ya shafe bambancin da mutane suka ƙarar da shekaru suna duba rubutun hannu don su fito da shi.

Akwai inda masu ra'ayin suke da gaskiya, kuma adalci ne a faɗa. Da aka shiga ƙarni na 20, wasu masu tsara kiɗa sun ɗauki fiyano a matsayin abin bugawa da gangan. Béla Bartók na Hangari, a Allegro barbaro na 1911, duka yake so, mai tauri, kuma ba laifi a ba shi. Sai dai a lura, a irin waɗannan wurare yakan ninka harafin ya rubuta sff, a cikin kiɗan da tun asali a ff yake tafiya. Bartók ɗin nan kuma ya fi kowa tsantseni wajen jera alamomin daraja-daraja, sf sama da ^, ita kuma sama da >. Daga baya György Ligeti ya kai ga jera f takwas a ɗaya daga cikin darussansa na fiyano. Da sf ita ce iyakar ƙarfi, da ba wanda ya bukaci ƙara mata harafi.

A zamaninmu kwamfuta ta ƙara wa wannan fahimta ƙarfi. Tsarin MIDI, wanda aka fito da shi a 1983 don kayan kiɗan lantarki su riƙa magana da juna, yana auna kowane danni da lamba daga 0 zuwa 127. Manhajojin rubuta kiɗa irin su MuseScore da Sibelius, in sun ga sf, abin da suka fi yi shi ne su ɗaga wannan lamba. Matashin da ke koyon karatun takarda shi kaɗai, ko a ƙungiyar mawaƙan coci a Jos ko Kaduna, ko a situdiyon Kano inda fiyanon lantarki ya zama uwar kiɗan fina-finai, zai danna ya saurara, ya ji sautin ya yi tsalle, ya ɗauka ma'anar ke nan. Na'urar ba ta san cewa ff na zuwa bayan gaɓa biyu ba, ba ta kuma san yin ɗan shiru kafin kalma mai nauyi ba sai an koya mata da hannu. Kuma ƙananan fiyanon lantarki masu araha da yawa ba sa jin bambancin danni ko kaɗan, wanda ke kaɗa su dole ya koma ga dabarun mai ogan.

Ga malamai, abin da nake roƙo kaɗan ne. In yaro ya iso kan sf, kafin a ce masa komai a tambaye shi: a wane mataki muke, p ko f? Me ke zuwa a gaba? A kan wane bugu alamar ta sauka? Waye ya rubuta, kuma a wace shekara? Sannan a sa shi ya kaɗa sautin da ya biyo bayan sf ɗin shi kaɗai, ya ji ko ya koma inda ya kamata.

Ga masu rubuta nasu kiɗan kuma, tunda an san yadda ake karanta alamar a yau, gara a fayyace. In ɗan nauyi ake so, > ta isa. In ana son ya fi haka tsini, a sa ^. In ana son sauti ɗaya ya yi fice sosai a cikin matakin da ake ciki, a sa sf, a kuma sake rubuta p a bayanta idan akwai tsoron makaɗi zai zarce da ƙara. In duka ake so na gaske, a rubuta sff ko ff kai tsaye, kada a bar makaɗi yana canka. A kula da inda aka ajiye alamar ma, domin takardar fiyano jeri biyu ce, na sama na hannun dama, na ƙasa na hagu. Idan hannun hagu kaɗai ake nufi, a sa ta a ƙarƙashin jerinsa, don wadda aka sa a tsakiya makaɗi zai ɗauka ta hannu biyu ce, ya danne waƙar da hannun dama ke ɗauke da ita.